Awa bakwai tsakanin Yamai da Gwanzu: wa ya kamata ya bi agogon wani?

Alhaji Sani: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini rai, yau na ce bari in kawo ta nan, tunda cikinmu akwai masu zuwa Caina sarin kaya, akwai kuma yaranmu da ke zaune can. Bara na yi odar karo na daɓe ƙasa da kayan banɗaki wurin wani kamfani a Foshan, nan kusa da Guangzhou, garin da mu ƴan kasuwa muke ce wa Gwanzu. Muka yi da su zan cika sauran kuɗi ranar 15 ga Janairu, su kuma su loda kwantena ta kama jirgin ruwan da zai tashi makon zuwa Lome. Ranar 15 ɗin na wuni ina tattara kuɗi tsakanin kasuwannin Wadata da Katako na nan Yamai, wannan ya kawo, wancan ya ce sai bayan azahar. Sai bayan la'asar, wajen biyar da rabi, kuɗin suka tafi. Ni a raina na cika alkawari, tunda ko rana ba ta faɗi ba. Da asuba na tarar da saƙo wai na saɓa, su a wurinsu 16 ce, sun ba wani gurbina. Jirgi na gaba kuma ya faɗa cikin hutun sabuwar shekararsu, ma'aikata duk sun tafi gida. Kayan da na sa ran samu kafin zafi ya shigo sai da damina ta kusa suka iso, wanda na yi wa alkawari ya je ya saya wurin wani. Tambayata: ni ke biya, ni ne mai saye, don me kullum mu ne za mu bi agogonsu?

Nura (Gwanzu): Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Allah ya mayar da alheri. Yanzu da nake rubuta wannan ƙarfe 11 na dare ne a nan, ku kuma nasan kuna shirin la'asar. Gaskiya ba 16 ɗin ba ce ma ta kayar da ku. Ofisoshi a nan suna buɗewa wajen tara na safe su tashi wajen shida na yamma. Tara ta nan ita ce biyu na dare a Yamai, shida ta nan ita ce 11 na safe a wurinku. Wato ranar 15 ɗinku ta ƙare tun kafin ku yi tunanin abincin rana. Duk abin da ya wuce hantsi a Yamai, a nan ya zama aikin gobe. Da kun gaya mini tun farko da na ce ku ɗauka ranar 14 ce ranar ƙarshe.

Alhaji Sani: To ai shi ne nake cewa, ɗana. Su ba za su iya ajiye mutum ɗaya ya jira mu ba? Kwantena nawa ke zuwa Afirka daga garin nan?

Hajiya Mariama: Alhaji, wasu suna yi. Yarinyar da nake saye wurinta a unguwar Sanyuanli ta Gwanzu har sha biyun darensu tana amsa mini a WeChat, manhajar saƙonsu ta waya, don ta san lokacin ne nake zaune a shago hankalina kwance. Amma wannan ƙaramar mai shago ce, tana neman ciniki ido rufe. Babban kamfani mai masu saye daga ƙasa hamsin ba zai sauya lokacin tashi saboda ni da kai ba. Kuma banki da tashar jirgin ruwa ba ruwansu da wanda ya fi kuɗi. Ni abin da na koya, daga sallar asuba zuwa ƙarfe goma na safe nan ne kasuwata da Caina take. In na idar da salla ba na komawa barci. Ina zaune kan darduma nake tambayar farashi, a turo mini hoton launi, in ce wannan in ce ba wannan ba. Kafin yara su tafi lakkol na gama da Gwanzu, sannan in fuskanci Yamai.

Malam Idi: Salamu alaikum. Ni ba ɗan kasuwa ba ne, ilimin ƙasa nake koyarwa, amma ku ba ni dama in sa baki, don abin nan kullum ina fama da ɗalibai a kansa. Ba wanda ya zauna ya ƙulla wa Alhaji awa bakwai ɗin nan. Duniya tana juyawa sau ɗaya cikin awa 24, da'irarta kuma digiri 360 ce. In ka raba, kowace awa digiri 15 ke nan, kowane digiri minti huɗu. A 1884 aka yi taro a Washinton aka amince layin da ya bi ta Greenwich a Ingila shi ne mafari, daga nan ake ƙirgawa gabas da yamma. Yamai tana wajen digiri 2 gabas da layin, Gwanzu tana wajen digiri 113. Tazarar digiri 111 ce, ka ninka sau huɗu, minti 444, wato awa bakwai da minti 24. Wannan shi ne bambancin rana na gaskiya. Agogo kuwa ya ce bakwai cif, domin mu muna kan GMT, wato agogon Greenwich, da ƙarin awa ɗaya, su suna kan GMT da ƙarin takwas.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ma ba Caina ba ce, mu ne. Agogon da muke bi an yanka shi ne kan digiri 15, wanda yake can wajen Tafkin Cadi. Yamai kuwa tana dab da layin mafari, layin da ya ratsa ta Gao da Tema ta Gana. Shi ya sa agogonmu na Yamai ya riga rana da kusan minti 50. Ku lura da kyau: rana ba ta kai tsaka a nan ƙarfe 12, sai wajen ɗaya saura, a Fabrairu har ta ɗan wuce ɗaya. A Janairu kuwa ƙarfe bakwai na safe za ta buga rana ba ta fito ba, yara suna wanka da ruwan sanyi cikin duhu-duhu. Wagadugu tana bayanmu da awa guda a agogo, amma a rana bai kai rubu'in awa ba tsakaninmu.

Ɗan Adar: Malam Idi Allah shi ƙara basira. Wanga bayani ya warware mini abin da ni daɗe ina mamaki. Mu nan Tawa kullum muna riga Yamai shan ruwa da azumi, minti goma sha wani abu, alhali agogonmu guda. Ƙanena da ke Talaje in na kira shi mun sha ruwa sai shi ce su ko kiran salla ba a yi ba. Mu mutanen Adar mun san wahalar agogo tun ba yau ba. Rabin garinmu na Abijan, su suna bayanmu da awa guda. Waɗanda sunka tahi Libiya suna gabanmu da awa guda. Na Aljeriya kuwa daidai muke. Tsohuwarmu ba ta san GMT ba amma ta san wane ɗa za ta kira bayan magariba, wane kuma sai bayan isha'i.

Malam Idi: Haka ne Ɗan Adar. Tawa tana wajen digiri 5, Damagaram wajen 9, Diffa ta haura 12. Damagaram na riga Yamai shan ruwa da kusan rabin awa, Diffa da kusan minti 40.

Abdul Karim: To in haka ne me ya hana mu koma GMT gaba ɗaya? Mali da Burkina duk a kai suke, Togo ma haka. Tun 2023 da iyakar Benin ta rufe kayanmu ta Lome suke biyowa su ratso Burkina. Ni direbobina da mai fitar mini da kaya a tashar Lome kullum sai mun yi ta "ƙarfe tara taku ko tamu". Tunda Malam ya ce rana ma ta fi kusa da nasu, ai gara mu daidaita.

Bukar: Yaya Abdul Karim, ka yi maganar Yamai ka manta da mu. Ni ɗan Diffa ne. In aka mayar da mu GMT, da sanyi magariba za ta riske mu wajen biyar saura, ma'aikaci bai tashi daga biro ba dare ya yi. Nijar ba Yamai kaɗai ba ce. Kuma ka tambayi mutanen Maraɗi da Konni da Damagaram da wa suke ciniki kullum. Kano da Katsina da Sakkwato agogo ɗaya muke da su, kasuwar iyaka ba ta son a raba mata lokaci.

Malam Idi: Bukar ya fi gaskiya a nan. In za a bi lissafi zalla, iyakar da ke raba awa biyun tana digiri 7 da rabi, kusa da Maraɗi ke nan. Sai a ce yammacin ƙasa agogo daban, gabashi daban, mai motar da ya taso daga Dosso ya gyara agogo a hanya. Ba ƙasar da ke son wannan in tana iya kauce masa. Caina ma da muke magana ta fi mu faɗi nesa ba kusa ba, da can agogo biyar gare ta, amma tun 1949 aka haɗe su kan na Beijin. Akwai garin Kashgar can ƙarshen yamma, garin Musulmi, inda rana ba ta kai tsaka sai wajen uku na yamma a agogon hukuma. Mutanen wurin da yawa suna riƙe da nasu agogon na gida mai ja baya da awa biyu. Namu minti 50 ɗin mai sauƙi ne.

Hajiya Mariama: Tunda an zo maganar gabas da yamma, bari in faɗi abin da ya same ni zuwana na farko, don sababbin matafiya su kiyaye. Mun tashi daga filin jirgin Diori Hamani, muka sauka Adis Ababa, daga nan kusan awa goma a sama kafin Baiyun, filin jirgin Gwanzu. Na isa masauki a unguwar Xiaobei jikina duk ya mutu, ga ramuwar salloli a kaina. Na leƙa taga na gane inda rana ke fitowa, na shimfiɗa darduma na fuskanci can kamar yadda na saba tun ina yarinya. Kwana biyu ina haka. Ranar ta uku wata baiwar Allah ƴar Mali ta shigo ɗakina ta same ni ina salla, ta jira na sallame, ta kama hannuna ta juya ni. Ta ce Hajiya, nan Makka tana yamma. Wallahi sai da hawaye suka zubo mini. Mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, mutum ya ce "na fuskanci gabas" an san salla yake nufi. Ban taɓa kawowa a raina akwai ranar da zan ba gabas baya in yi salla ba. Ranar na san na yi nisa da gida, ba ranar da na ga dogayen benaye ba.

Malam Habibu: Allah ya karɓa Hajiya, ya saka wa wadda ta gyara miki. Wanda ya yi iya ƙoƙarinsa wajen neman alƙibla ya kuskure, malamai sun yi masa sauƙi, amma mai tafiya ya tambaya tun ranar da ya sauka, yanzu ma waya tana nunawa. Makka tana tsakaninmu da su: tana gaban Yamai da awa biyu, tana bayan Gwanzu da awa biyar. Ita salla ba ta bin agogon hukuma, rana take bi, shi ya sa azahar ɗin Yamai ba za ta taɓa zama ta Diffa ba ko da agogo ya ce ɗaya ne. Haka azumi: inda kake nan za ka bi, ba inda iyalinka suke ba.

Nura (Gwanzu): Allah gafarta Malam, akwai tambaya. A nan akwai tsohon masallaci, Huaisheng, mai doguwar hasumiya da suke kira Guangta, ana lissafa shi cikin mafi daɗewa a Caina. Akwai kuma wani wurin da muke zuwa Juma'a, inda ake cewa kabarin Sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake. Mutanenmu da yawa in sun zo sai sun ce a kai su ziyara. Gaskiya ne?

Malam Habibu: Nura, abin da ke cikin littattafan tarihinmu shi ne Sa'adu, Allah ya ƙara masa yarda, ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka ɗauko shi aka rufe a Baƙi'a. Maganar kabarinsa a Caina ruwaya ce ta Musulmin can, sun gaje ta kaka da kakanni. Abin da ba a jayayya a kai shi ne fatake Larabawa da Farisawa sun zauna a garin nan fiye da shekara dubu da suka wuce, ta teku suka je, kuma Musulunci ya shiga tare da su. Ka je ka yi Juma'arka, ka yi wa Musulmin da ke kwance wurin addu'a, kada ka yi gardama da masu masaukinka.

Abdul Karim: Fiye da shekara dubu! Mu kuwa Yamai yaushe aka yi ta? Wani lokaci in na dawo daga can na sauka na ga hanyar filin jirgi, sai jikina ya yi sanyi. Jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa tun 1997 suke da shi. Hasumiyar Canton, wato Gwanzu a tsohon sunanta na Turawa, kusan mita 600. Baje kolinsu tun 1957 ake yi, sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba, ka wuni kana tafiya cikin rumfunan Pazhou ba ka gama ɓangare ɗaya ba. Ba awa bakwai suka riga mu ba, ni dai a ganina.

Malam Idi: Abdul Karim, a yi kwatancen da adalci. Gwanzu ta haura shekara 2,200 da kafuwa, tun 214 kafin haihuwar Annabi Isa akwai gari a wurin. Yamai kuwa ƙauyuka ne a bakin kogi har farkon ƙarnin da ya wuce, sai 1926 Faransawa suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka kawo nan. Ƙidayar 2020 ta ba Gwanzu mutum sama da miliyan 18. Ƙidayarmu ta 2012 ta ba Nijar gaba ɗayanta miliyan 17 da ɗoriya, Yamai kuma miliyan ɗaya da kaɗan. Gari guda ya fi ƙasarmu ta lokacin yawan jama'a. Sannan ka dubi kogunan. Su kogin Zhujiang yana kai su teku kai tsaye, manyan jiragen ruwa suna lodi a Nansha da Huangpu. Mu kogin Kwara yana ba mu ruwan sha da shinkafa da kifi da lambunan Harobanda, amma ba ya kawo mana kwantena ko ɗaya, sai mota ta yi fiye da kilomita dubu daga bakin teku. Ruwan sama ma suna samun ninki ukun namu, mu tsakanin milimita 500 da 600 a shekara, su sama da 1,600. Duk wanda ya ajiye waɗannan gefe ya kwatanta benaye kawai bai yi wa Yamai adalci ba.

Abdul Karim: Na yarda da batun teku Malam. Amma ba teku ba ce ta hana mu riƙe alkawarin lokaci. Can in an ce tara, tara ce. Nan ka ce wa mutum tara ya zo sha ɗaya yana murmushi.

Hajiya Mariama: Wannan kam akwai, ba na musu. Amma ni ba zan iya zama can ba ko an ba ni gida kyauta. Zafinmu na Afrilu da Mayu ya haura 40, amma busasshe ne, ka shiga inuwar dogon yaro ka sha ruwan randa ka dawo hayyacinka. Nasu zafin jiƙaƙƙe ne, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba, wanki ya kwana biyu bai bushe ba, bango na zufa. Ga guguwar teku da damina. Abinci kuma sai ka bi alamar halal, taliyar mutanen Lanzhou ko gashin ƴan Xinjiang, in ba haka ba sai ɗakunan da matan Afirka ke dafa tuwo a saman bene. Sati biyu nake yi in fara mafarkin dambu da zogale.

Nura (Gwanzu): Yaya Abdul Karim, ni shekarata bakwai a nan, ina jin yaren Mandarin daidai gwargwado, na Canton kaɗan-kaɗan. Abin da ka faɗa na tsari gaskiya ne, kuma na ƙaru da shi. Amma mai zuwa sati biyu ya koma ba ya ganin ɗaya fuskar. A Afrilun 2020, lokacin korona, an fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da otal-otal a garin nan, duniya duk ta gani. Ni mai gidana ya ba ni kwana ɗaya. Na kwana biyu da jakata a ƙarƙashin gadar sama kafin wani abokin ciniki ɗan ƙasar ya ɓoye ni a ɗakin ajiyar kayansa, yana kawo mini shinkafa da dare. Duka biyun mutanen gari ɗaya ne, wanda ya kore ni da wanda ya rufa mini asiri. A Yamai kuwa baƙo ko daga ina yake, in ya tsaya bakin fada ya yi sallama sai an miƙa masa kofin shayi kafin a tambaye shi sunansa. Kowace biza sai ka sabunta da fargaba. Kada kowa ya ɗauka muna cikin daula ne.

Ɗan Adar: Allah shi tsare ku Nura. Ai su ma ƴan Caina suna nan ƙasarmu. Gada ta biyu ta Yamai da anka buɗe 2011 su sunka gina, ta uku ma haka, da filin wasa na Seyni Kountché. Ban taɓa jin wanda ya kore su daga haya ba.

Hajiya Ladi: Salamu alaikum. Ni ban iya dogon rubutu ba, jikata ke rubuta mini. Nura ɗan ƙanwata ne, ni na goya shi. Ina jin ana ta lissafin awa, to ni ga tawa. Uwa ba ta da lokacin kanta sai bayan isha'i, in an ci an wanke an kwantar da yara. Lokacin ne kewa ke tasowa. In na kira shi sai ya ɗauka da muryar barci, in ce lafiya, ya ce lafiya lau Inna. Shekara biyu ina haka bai taɓa ce mini ƙarfe huɗu na dare ba ne wurinsu. Sai da matarsa ta gaya mini. Na ji kunya, na ji tausayinsa, amma har yau wani dare hannuna na kai wa wayar.

Nura (Gwanzu): Inna, ki ci gaba da kira duk lokacin da kika so, ba ki taɓa takura mini ba. Waɗanda nake roƙo su ne masu kiran ukun dare don a tambaya musu kuɗin batirin sola. In ba gaggawa ba, tsakanin ɗaya da uku na rana a Yamai ya fi, nan takwas zuwa goma na dare ke nan, na dawo daga kasuwa na ci abinci. Kuma a tuna WhatsApp ba ya aiki a nan sai da dabara, in kun ga shiru ba wulaƙanci ba ne, ku bar saƙon murya a WeChat.

Abin da ya fi mini ciwo a awa bakwai ɗin nan ba barci ba ne. Ranar sunan ɗiyata ta fari, an ce za a yi fatiha bakwai da rabi na safe a ƙofar gidanmu a Bukoki. Nan biyu da rabi na rana ke nan, tsakiyar ciniki, ina tare da wani Alhaji da ya zo daga Maraɗi muna ƙirga katan. Na roƙe shi minti goma, na fita na tsaya kan matakalar bene inda ba hayaniya, ƙanena ya ɗaga waya sama. Ina jin liman, ina jin ana raba goro da dabino, ina jin kukan ragon. Da aka faɗi sunan na shafa fatiha ni kaɗai, masu dako suna wucewa da kaya suna kallona. Na koma na ƙarasa ƙirga katan. Sallah ma haka take, mu mun sauko daga idi ku kuna tsakiyar barci, kuma nan ranar aiki ce kamar kowace rana. Kafin ku yanka rago mu mun yi la'asar.

Malam Habibu: Allah ya raya ta, ya haɗa ku cikin alheri. Jama'a, wanda ke da ɗa ko ƙane a can, in za a sa lokacin ɗaurin aure ko suna, a riƙa gaya masa da wuri, a faɗa masa da agogon can, ya samu ya keɓe kansa.

Alhaji Sani: Nura, jikina ya yi sanyi. Ni ma ina cikin masu kiranka bayan isha'i, ka yafe mini. Har yanzu dai ina ganin kamfanin nan bai kyauta ba, shekara huɗu muna ciniki, ko kira ɗaya ai sa yi kafin su ba wani gurbina. Amma na ji. Malam Idi, wata tambaya: ɗana da ke karatu a Faransa wani lokaci agogonmu ɗaya, wani lokaci ya riga mu da awa. Su ma Caina suna wannan canjin? Kada in haddace bakwai gobe a ce mini takwas.

Malam Idi: A'a Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Faransa ce ke tura agogo gaba daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Caina ta gwada hakan daga 1986 zuwa 1991 ta bari, mu kuma ba ma yi. Bakwai ce rani da damina. Abin da za ka riƙe shi ne biyar na yamma a Yamai kwanan wata ya riga ya juya a Gwanzu. Lome kuma tana bayanka da awa ɗaya, tsakaninta da Gwanzu takwas ke nan.

Hajiya Mariama: Ka ƙara da hutunsu Alhaji. Sabuwar shekara tana faɗowa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kowace shekara da ranarta, kuma masana'antu kan yi makonni a rufe. Sai makon farko na Oktoba, shi ma ba a aiki. Ni duk takardar da za mu yi yanzu sai na sa an rubuta rana da awa da sunan garin da ake nufi.

Alhaji Sani: Madalla. Nura, akwai sauran kuɗin wata odar da zan cika ranar Alhamis. Laraba in sha Allahu zan tura, kafin azahar. Ranar Alhamis ɗin ka taimaka ka leƙa Foshan ka ga lodin da idonka, ka ƙirga mini katan ɗin karo masu ruwan toka, don wancan karon an gauraya mini da fari. Zan kira ka in na fito masallaci da asuba, shida tamu.

Nura (Gwanzu): Ɗaya na rana ke nan a nan, lokacin ina wurin in sha Allah. Ku turo mini lambar kwantenar da hoton rasit tun yau. Sha biyu ta wuce, zan kwanta. Inna, a gaida mutan gida.